Takardar Aljihun Dama

Daga Goggo Tela, a saman kwalin kaya

Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da kwalaben ruwan da kike wuni kina leƙe a ɗakin gwajinku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Direba da take tashi duk ranar da hadari zai haɗo. Mijin nan nawa ya fi mutanen rediyo sanin ranar ruwa, kuma shi ba ya cewa "mai yiwuwa".

Yadinki ya iso, shuɗin ya yi kyau. Sai kuma na ga wata 'yar takarda mai lambobi, wai awonki ne da waya ta yi. Ikon Allah! Wato kin tsaya a tsakiyar ɗaki, kin jingina waya da kofi, kin ware hannuwa kina juyawa a gabanta, ita kuma ta ce miki kafaɗarki kaza ce. Ni da nake auna ki tun kina tsala ihu in an sa miki tef a wuya? Littafina yana nan, shafinki na goma sha ɗaya, tun daga rigar makarantarki ta fari. Wayar ta san kafaɗarki ta dama ta ɗan sauka saboda jakar littattafan da kika yi shekaru kina ratayawa? Ta san ba kya son wuya ya matse ki? To faɗa min, ita ta raine ki ko ni?

Duk da haka na duba lambobin nata, kada ki ce na yi taurin kai. Ta yi ƙoƙari. A ƙugu bakinmu ya zo ɗaya, a tsawo kuwa ta ƙara miki inci guda. Ina jin ita ma ta koyi daɗin baki irin na masu shago.

Guruf ɗin dangin nan da kuka jefa ni ciki, Allah ya shirye ku. Kawunki Ɗan Fansho ya zama likita dare ɗaya. Shekaranjiya ya turo cewa ruwan ɗumi ne yake kawo mantuwa, jiya ya ce a'a, ruwan sanyi ne. Yau da safe ya sake turo na jiyan, ya manta ya riga ya turo.

Rigar tana ƙarƙashin wannan takarda. Na yi miki aljihu biyu masu zurfi, don na san in kina magana a gaban mutane ba kya sanin inda za ki kai hannuwanki. Ki sa ta ranar taron naku, ki miƙe tsaye sosai, ban da cin farce. Allah ya ba da sa'a.

Taki,
Goggo

Takardar da Goggo ta ninke ta cusa a aljihun dama na rigar

Auta, waccan ta sama ta kowa ce, ko Direba ya buɗe kwalin a hanyar tasha ba komai. Wannan taki ce ke kaɗai, na san hannunki zai faɗa kanta.

Idanuna suna tafiya. Shekara biyu ke nan ina gani kamar an shafa mai a gilashin taga. Lambobin tef ba na raba su, da yatsa nake ƙirgawa. Zare kuwa sai in yi minti goma ina lalubar kafar allura. Wasiƙarki ma wayar nan da nake zagi ita take taimakona: in ɗauki hoton takardar, in buɗa shi da yatsu biyu har baƙaƙen su yi girma. Kada ki yi dariya.

Na je asibitin ido ni kaɗai, na ce wa Direba sayen zare za ni. Likitar wata yarinya ce da ba ta kai ki ba. Ta ce yanar ido ce, a duka biyun. Wai za su tsaga, su cire abin da Allah ya sa min, su sa na roba, kuma ina farke ina jin su. Sun ba ni rana, Litinin ta farko a watan jibi.

Tsoro nake ji, Auta. Yanzu ko ba komai ina gani hazo-hazo, ina lallaɓawa, kuma har yau ba wanda ya dawo min da ɗinki. In suka taɓa ya mutu gaba ɗaya fa? Ni ban iya komai ba sai keke. Ke ce mai karatun kimiyya a gidan nan. In kin ce in je, zan je. In ba ki ce ba, ba inda za ni. Kada ki kira ni a waya kan wannan magana, Direba ko da yaushe yana kusa. Rubuto min.

Daga Auta, a cikin ninkin koren yadi

Goggona ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Baba Direba da gwiwarsa mai hasashe. Ni ma lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ta zo ta wuce. Ki yafe min jinkiri, mako uku ban rubuto ba. Abokiyar aikina ta tafi hutun haihuwa, duk ruwan rijiyoyin da ake kawowa gwaji a kaina yake ƙarewa.

Taro ya yi kyau, Goggo. Na yi magana ta minti ashirin, ban ci farce ba, kuma mutum biyu ne kawai suka yi gyangyaɗi, ɗayansu ma shi ne shugaban taron. Rigar ta zauna min ɗas. Mata uku suka tare ni suna tambayar wa ya ɗinka, na ce ai tela tawa ba ta kowa ba ce. Aljihun nan kuwa sun cece ni, hannuna bai fita daga cikinsu ba har na sauka.

Bari in ba ki labarin da zai sa ki ce ai dama kin faɗa. An sa mana sabuwar ƙofa a wurin aiki, mai gane fuska. Ba mukulli, ba kati, sai ki tsaya ta kalle ki ta buɗe. To ranar da aka ɗauki hotunanmu an bar mu a layi awa biyu cikin rana, kowa ya shiga hoto ransa a ɓace. Yanzu duk wanda ya zo da fara'a ba ta san shi ba. Da safe za ki ga manyan mutane sun yi layi suna ta hira da dariya, da an zo gaban ƙofa sai a haɗe rai kamar an yi rashi. Mai kula da sito ya yi aure, sati guda cur yana shiga ta taga. Manaja kuwa ya ce tun da aka sa ta ma'aikata suka fara kama da masu aiki.

Maganar Kawu, ki ƙyale shi. Na gaya masa sau uku ni ruwa nake gwadawa ba ƙwaƙwalwa ba, amma jiya ya rubuta a guruf cewa 'yarmu mai ilimin ruwa ta tabbatar.

Ga koren yadi nan. Ba gaggawa, duk sanda kika samu sarari.

'Yarki,
Auta

Daga Goggo, tare da koren yadin da ba a taɓa ba

Auta,

Muna lafiya. Na ji taro ya yi kyau. Na ji hannunki bai fita daga aljihu ba har kika sauka. To madalla.

Abu guda na tambaye ki, kika ba ni labarin ƙofa. Shiru ma magana ce, kuma na ji ta. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Mako uku ina aika Direba tasha yana dawowa hannu rabbana, ranar da ya zo da ƙunshinki a tsaye na buɗe shi. Na karanta sau biyu, na juya bayan takardar, na kakkaɓe yadin. Ba komai. Da kin ce min ba ki san amsa ba, da ya fi min sauƙi.

Ga yadinki na mayar. Ba na karɓar sabon aiki yanzu. Ki ba wa wani a can kusa da ke, ko ki ba wayar ta ɗinka.

Goggo

Daga Auta, da manyan baƙaƙe

Goggo,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Na kira ki sau tara ba ki ɗauka ba. Na sake karanta wasiƙarki ta farko daga sama har ƙasa ina neman tambayar da kika ce kin yi, ban ga ko ɗaya ba sai wannan: wayar ce ta raine ni ko ke? Haba Goggo, wannan har sai na amsa? Ke kika raine ni, ke kika tsefe min kai, ke kika je makaranta kika tsare malamin da ya ce mace ba ta lissafi har sai da ya ba ni haƙuri a gaban aji. Na goge manhajar awon daga wayata. In ita ce ta ɓata miki rai, ta tafi. Yanzu ma zan tashi in sa shuɗiyar rigar in ɗauki hoto in turo miki, ko kya huce.

Goggo. Na sa rigar. Na sa hannu a aljihu.

Wayyo ni, Goggo. Na yi awa guda a bakin gado da takardar a hannuna ina kuka. Ba shiru na yi miki ba, ban gan ta ba ne. Ban gan ta ba kuwa saboda ƙarya na yi miki: ban sa rigar ranar taro ba. Na buɗe kwali, na kara ta a jikina gaban madubi, na ga hannun hagu ya ɗara na dama da yatsu huɗu, zif ɗin kuma an juya shi ciki. Na ninke ta na sa a akwati, na je taro da wata tsohuwar rigata. Matan nan uku babu su. Gyangyaɗin shugaban taro ne kaɗai gaskiya.

Tunda ramin ƙarya ƙurarre ne, bari in ƙarasa. Ba ita ce ta farko ba. Riguna ukun da suka gabace ta, duk sai da na kai wa wani tela a bayan layinmu ya gyara. Awon wayar ma dabara ce na yi, na ce ko tef ɗinki ne ya saki. Na zargi tef, na zargi keke, na zargi gajiya. Rubutunki yana ta girma yana gangarowa ƙasan layi, na ce biro kika canza. Ni da aikina shi ne in kalli abu in faɗi abin da ke cikinsa ko mai shi ba ya son ji. Kunya ta ishe ni.

Yanzu ga amsa. Ki je.

Ni ba likitar ido ba ce, don haka na hau bene wurin maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya, da rigar a jikina hannu ɗaya yana reto. Ta ce aiki ne da ake yi kullum, ba ya daɗewa, za a kashe miki zafin wurin, kuma ido ɗaya ake fara yi, sai ya warke a taɓa ɗayan. Ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba, ƙaryar da na yi ta ishe ni. Amma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun ganinsu. Abin da kuma ba ki sa a lissafi ba shi ne yanar ba ta tsayawa inda take. Hazon da kike lallaɓawa da shi bana, baɗi ba za ki same shi ba.

Saura kwana tara. Na roƙi hutu an hana ni, don ba mai riƙe ɗakin gwaji, na kuwa gaya wa manaja maganar da ban taɓa zaton zan iya ba. Saboda haka dole Baba Direba ya sani, shi zai kai ki ya dawo da ke. Na ba ki zuwa Alhamis. In ba ki faɗa masa ba zan kira shi da kaina, ki yi fushi da ni shekara guda, na yarda, in dai kina ganina sanda kike hararata.

'Yarki mai laifi,
Auta

Daga Goggo, ranar Laraba

Ke Auta,

Riga uku! Kin ɗauki ɗinkina kin kai wa wani ƙato a bayan layi ya buɗe cikinsa ya ga asirina? Me ya ce? A'a, kada ki faɗa min. Wannan maganar ban gama da ita ba, na ajiye ta ne sai na samu idon yin ta.

Amma na huce da ɗayar. Gara maƙaryaciya da wadda ta ji kukana ta ba ni labarin ƙofa.

Na faɗa masa yau da safe yana shan shayi. Na yi ta kewaye-kewaye, na fara daga tsadar zare. Ya bar ni na kai ƙarshe, ya ajiye kofi ya ce, "Litinin ɗin ai tuni na ba wani motar, ba ni da aiki ranar." Ashe katin asibitin da na ɓoye a gwangwanin maɓallai ya fi wata guda da ganinsa. Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina zaune da ke, na taɓa riga ki faɗin abu na ji daɗi?" Sannan ya ce wai ina tsammanin allurai da kansu suke zura zare. Kwanakin nan nakan tarar da su jere a jikin matashi, kowace da zarenta, na ɗauka ni nake bari in manta. Har na fara tunanin ko maganar ruwan Kawunki gaskiya ce.

Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba. Amma zan je. Ki yi min addu'a.

Goggo

Daga Goggo, bayan mako biyar

Auta 'yar albarka,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Dubi rubutun nan da kyau. A kan layi yake ko ba a kan layi ba? Kuma da ido ɗaya ne, na hagun sai wata mai zuwa.

Aikin kansa abin kunya ne a ba da labarinsa. Na shiga ina salati, na yafe wa kowa har da Kawunki, ina jiran a fara, sai na ji yarinyar nan ta ce, "Mama, an gama." Ina jin su suna hirar wata ma'aikaciya da ta sayi firji ya fi ƙofar ɗakinta faɗi, ban ma ji yadda aka ƙare da firjin ba. Washegari aka cire bandeji. Abu na farko da na gani a duniya shi ne maɓallin rigar likita, saura ƙiris ya faɗi, an ɗinke shi da zaren da ba kalarsa ba. Na gaya mata. Ta yi dariya ta ce aiki ya yi.

To amma ba wanda ya gargaɗe ni cewa gani yana da nasa wahalar. Auta, ashe gidan nan datti ne da shi haka? Labulen da nake yi wa kallon ruwan madara ashe fari ne da can. Na kalli madubi na ce wace tsohuwa ce wannan ta shigo min ɗaki ba sallama. Shi ma Direba ya tsufa a bayan idona, gemun nan duk ya yi fari, ba wanda ya nemi izinina.

Sai da na zauna a ƙofar shago na ga abin da ya fi wannan. Malamar makarantar da ke kallonmu ta wuce da siket ɗin da na yi mata, gabansa ya fi bayansa tsawo. Mai kemis ya fito da riga aljihu a karkace. Matar mai gyaran rediyo, furannin yadinta duk kansu a ƙasa. Duk aikina ne. Kowannensu ya tsaya ya yi min barka, yana sanye da abin kunyata, yana murmushi. Na ce wa Malama don me ba ki dawo min da shi ba? Ta ce, "Goggo, ai cewa nake yi sabon yayi ne, har mutum biyu sun kwaikwaya." Ashe ba ke kaɗai ba ce, layin nan gaba ɗaya maƙaryata ne. Na shiga ciki na rufe ƙofa na yi kuka, ga shi an hana ni murza ido.

Na sa an gaya wa kowa ya kawo, zan farke in gyara. Kaya sun taru har kan kujera. Ke ma ki turo shuɗiyar, da koren yadin, da awonki. Na tef.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Rigar aikin Direba, mai ruwan toka, wadda ya fi sawa. Wuyanta ya karkace, hannun hagu bai kai wuyan hannu ba, kuma a haka yake zuwa tasha cikin 'yan'uwansa direbobi, kin san bakinsu, shekara biyu. Yau da safe na ce cire ta in gyara. Ya ce a'a. Na ce ka cire mana, mutane suna ganinka. Ya ce, "Sun gama gani. Ni kuma ina duba agogo ba sai na naɗe hannu ba. Wadda kika yi min da lalube ce, ba mai taɓa ta."

Ya ɗauki mukullinsa ya fita. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayansa da guntun hannun rigar nan har ya kai ƙarshen layi. Kafin ya sha kwana ya juyo ya ɗaga min hannu. Maƙwabciya tana shara ta ce ai kullum haka yake yi, ko ina ƙofa ko ba na nan. Yau na ɗaga masa nawa.

Taki,
Goggo